Albasar da Ta Koma Aliero

Ranar da labari ya bazu cewa za mu tafi ƙasar Benin, babu wanda ya yi mini addu'ar zama lafiya a can. Addu'ar dawowa lafiya kowa ya yi ta yi mini, kamar wadda za ta kasuwar Jega ta juyo. Ban ga laifinsu ba. A gidanmu na Aliero an san ni. Ni ce mai buɗe tukunya tun ba ta tafasa ba, ni ce mai dawowa daga famfo da bokiti wayam don layi ya yi tsawo. Na gama sakandare, na yi Islamiyya har na sauke, amma jira ban taɓa koyonsa ba.

Maigidana malami ne, ɗan Sabon Garin Jega, daga gidan mahauta. Wata ƙungiyar da'awa ce ta ɗauke shi ya je ya koyar a wani ƙauye can kudu da Kandi, inda mutane suka gina masallaci amma ba su da mai koya musu karatu. Ƙungiyar ta ce mai iyali take so, wanda matarsa za ta zaunar da mata ta koya musu. In matar ta gudo, shi ma a dawo da shi a tura wani. Haka aka faɗa masa, haka ya faɗa mini, bai rage komai ba. Wato aikinsa a hannuna yake, hannun da kowa ya san ba ya riƙe abu ya daɗe.

Babana manomin albasa ne. Da na je yi masa sallama bai ce kada in tafi ba. Ɗaki ya shiga, ya fito da wani ƙullin tsumma kamar dunƙulen hannu. Irin albasa ne, baƙi, wanda yake fitarwa da kansa kowace shekara, ba na kasuwa ba.

Na ce, "Baba, mi zan yi da shi? Karatu za ni koyarwa."

Ya ce, "Riƙe dai. In kin ga ba ki iyawa, ki maido mini abina. Kar ki bar shi can ya lalace."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Hanyarmu ta Maiyama ta bi, muka tsaya gidan gwaggona. Kafin mu sha ruwa ta ja ni ta nuna mini wani ɗaki, an share shi tas har da sabuwar tabarma.

Ta ce, "Ga ɗakinki nan. In kin gudo kar ki wuce Aliero su yi miki dariya. Sauka nan ki huta tukuna."

"Gwaggo, wa ya ce miki zan gudo?"

"Ni na goye ki, ɗiyata. Ko a bayana ba ki zama. Akwai ɗan maƙwabcina mai jan babbar mota, albasa yake kaiwa Kwatano, ta bakin hanyarku yake bi. Na hwaɗa mai. In ya juyo, ki hau abinki."

Maigida na bakin ƙofa yana dariya. Ni ban yi ba.

Farkon damina muka isa. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, har ido yake gajiya da shi. Gidan da aka ba mu ɗaki biyu ne na kwano a bayan masallaci, kusa da rijiyar gari, ba katanga ba darni. Awaki suna wucewa ta tsakar gidan kamar hanya ce, kuma da na bincika, hanyar ce. Ban ɓata lokaci ba. Na share, na rataya labule, na jera kwanukana, na sa maigida ya nemo zana ya kewaye mu. Gero babu a garin, sai doya da masara, ko'ina ƙamshin man kaɗe. Na yi ta cin sakwara ina kewar fura. Wannan duk bai dame ni ba. Karatu na zo koyarwa, in mata suka cika tsakar gidan nan, ai ya zama gida.

Na sa lokacin karatu da hantsi, yadda matan aure suke zuwa Islamiyya a wajenmu. Na shimfiɗa tabarmi, na jingina baƙin allo, na ajiye alli. Ba wadda ta zo. Na mayar da shi bayan la'asar. Ba wadda ta zo. Na saka hijabi na bi gida gida, na tarar da tsofaffi da kaji. Matan garin noma suke yi, tun asuba suna gona, ba sa dawowa sai rana ta faɗi, su ɗora tukunya. Ajin maigida kuwa na maza da yara ya cika har waje. Kullum ya shigo ya ga tabarmina ba kowa sai ya ce, "A yi haƙuri."

Wata rana na ce masa, "Malam, in ka sake ce mini haƙuri, da allon nan zan hura wuta."

Ya ce, "To, a yi juriya."

Mutum ɗaya ce take shigowa, uwar mai gidan da muke ciki. Tsohuwa ce siririya mai ƙarfin murya. Da ƙuruciyarta ta yi fataucin goro har ƙasarmu, don haka tana da Hausa, irin ta kasuwa wadda ba ta san ladabi ba. Iya nake ce mata. Sai ta zauna a kan tabarmar ɗalibai ta miƙe ƙafa, ta ƙare mini kallo.

"Matar malam, yau ma ke da allo?"

"Iya, ki ce musu su zo mana."

"Su zo su bar doya? Karatunki yana shiga tukunya? Kina zaune cikin zana kamar kayan da aka ba ajiya. Su ba su san ma kamanninki ba."

Damina ta yi nisa lokacin da direban nan ya fara tsayawa. Ya bar motarsa bakin titi ya tako har gida, da saƙon gwaggo, garin gero da daddawa da kuka. Mutum ne ƙato mai son wasa, ƙanwata yake ce mini tun ranar farko.

Ya ce, "Ƙanwata, gwaggo ta ce in tambaya ko kin shirya. Gaban mota babu kowa."

Na dubi tabarmin, na dubi maigida. Ya ɗauki buta ya tafi yin alwala, alhali na san yana da ita. Na shiga ɗaki na jawo jakata, na fara zuba kaya da gaske. Da na zo kan ƙullin irin nan sai na tsaya da shi a hannu. Na ga kaina a zauren Baba ina miƙa masa. Na san ba zai yi mini faɗa ba. Zai karɓa, ya auna nauyinsa a tafinsa, ya mayar ɗaki, shi ke nan. Wannan shirun ne na kasa ɗauka.

Na fito na ce wa direba, "Ka ce mata ba yanzu ba."

"Sai wani zuwan ke nan."

"Ka dai gaishe ta."

Don haushi na shuka albasar nan, ba don wata dabara ba. Matan gidanmu ba sa shiga lambu, ban taɓa riƙe fartanya don albasa ba. Amma tun ina ƙarama ni nake kai wa Baba abinci, kuma da yake ba na iya zama wuri ɗaya, kafin ya gama ci na zagaye lambun na ga komai. Da ido na san aikin. Na san lokacin da ake yafa iri a gida, in an fara yankan gero, ruwa ya fara ja da baya. Da lokacin ya yi a lissafin Aliero, na fita bayan zana, gefen rijiya, na gyara ƙasa, na yafa rabin irin. Ya tsiro sirara kamar gashin jariri. Har na fara tafiya ina ɗaga kai.

Sai ruwa ya dawo kamar yanzu aka fara damina. A wajenmu da tuni ya tattara ya tafi. A can kuwa safe da yamma yake zuba. Tsiron ya kwanta, gindinsa ya yi baƙi, ya narke cikin laka. Iya ta zo ta tsaya a kaina da ganyen ayaba a ka.

Ta ce, "Nan ba garinku ba ne. Ruwanmu sai ya ga dama yake tafiya."

"Kina gani ina shukawa, mi ya hana ki faɗa mini?"

"Kin tambaye ni?"

Na haɗiye abin da ya zo bakina. Na ce, "To na tambaya. Yaushe?"

"In kin ga auduga ta fashe a gonaki."

Ban taɓa yin jira irin wannan ba a rayuwata. Rabin irin Baba ya tafi, saura rabi, babu na uku. Kullum da safe sai na leƙa gonar audugar da ke bayan masallaci, kamar kallona zai sa ta yi sauri. Direba ya sake tsayawa a cikin wannan jiran, ya sake cewa gaban mota babu kowa. Na ce masa ya ɗauki akuya in kaɗaici ya dame shi.

Da auduga ta yi fari na yafa sauran irin, wannan karon a kan tudun ƙasa, na yi masa rumfar ciyawa. Ya tashi lafiya. Lokacin dashe na sa maigida ya yi mini fangali, ƙananan kwamin nan masu gefe da suke riƙe ruwa. Ya yi na farko a karkace, na biyu kamar kabari.

Na ce, "Malam, ka taɓa ganin albasa a ƙasa kuwa?"

Ya ce, "A gidanmu a kan tsire take tsirowa."

Na karɓi fartanyar na nuna masa, ya bi. Muka dasa, layi layi.

Albasar rani ban ruwa take so, safe da yamma, da guga. Kuma rani ne lokacin da matan garin suke samun kansu, an gama aikin gona, safe da yamma suna rijiya. A nan suka fara ganina ni ma, ba a cikin zana ba, da laka har gwiwar hannu. Albasa a garin abin marmari ce, daga motocin ƙasarmu ake saye, guda ɗaya a yi ta yankar ta kaɗan kaɗan. Ba su taɓa ganin mai noma ta ba. Da farko tsayawa suke yi suna magana da yarensu suna dariya. Daga baya wata ta juye mini guga ɗaya a fangali kafin ta cika tulunta. Washegari wasu suka yi.

Ni in ina jan guga karatu nake yi, don in daina ƙirga yadda hannuna ke ciwo. Wata safiya na ji wata matashiya a bayana tana maimaita abin da na faɗa, a karye, amma shi ne. Na juya na gyara mata. Ta sake. Na ce kowa ta riƙe igiya, aya ɗaya guga ɗaya. A ranar na shiga gida na ɗauko baƙin allon nan da na yi niyyar hura wuta da shi, na rataye shi a jikin mangwaron bakin rijiya. Iya ta naɗa kanta mai fassara. Na san tana ƙara nata, don in na ce a sake, sai ta yi doguwar magana mata su fashe da dariya. Na tambaye ta abin da take cewa.

Ta ce, "Na ce musu matar malam ta ce kawunanku kamar doya."

"Ban ce ba."

"Fuskarki ta ce."

Kafin albasa ta yi kai, da yawansu sun iya Fatiha da gajerun surori, wasu suna zana baƙaƙe da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasar gefen fangali. Maigida ya daina ce mini haƙuri.

Rigimar ta zo ne a ƙarshe. Albasa in ta ƙosa, wuyanta ya yi laushi, ganye ya fara kwanciya, yanke mata ruwa ake yi gaba ɗaya. A bar ta da ƙishi ta bushe a cikin ƙasa, shi ne za ta daɗe a ajiye. Duk ɗan Aliero ya san wannan. Na ce daga yau kada wadda ta ƙara zuba ko ɗigo. Matan suka dube ni kamar na ce a daina shayar da yaro. Su suka yi ta ɗawainiyar ruwan nan, yanzu ganye yana rawaya a gabansu, ni kuma na hana.

Sai na riƙa fitowa da safe ina tarar da ƙasa a jiƙe. Wata safiya na yi sammako, na kama Iya da ƙwarya a hannu, wasu mata suna jawo mata guga.

Na ce, "Iya, ajiye ƙwaryar nan."

"Kina kashe abinci, yarinya."

"Irin ubana ne. Na san abin da nake yi."

"Haka kika sani ranar da ruwa ya cinye miki rabi."

Na ɗauki tsinke na ja layi a ƙasa, na ware fangali biyu na gefe. Na ce, "Waɗannan naki ne, ki yi musu wanka in kina so. Sauran, duk wadda ta zuba musu ruwa ni da ita ne."

Iya ta fassara, kuma wannan karon ba wadda ta yi dariya. A garin ba a yi wa tsohuwa magana haka a gaban surukanta. Suka ɗauki tulunansu suka tafi. Da yamma suka ɗebi ruwa ba wadda ta kalli allo. Haka washegari, haka kwanakin da suka biyo. Na koma inda na fara, ni da allo, sai dai yanzu a waje. Maigida ya ce in je in ba ta haƙuri.

Na ce, "In na ba ta haƙuri za ta zuba ruwa."

"In ba ki ba ta ba, za ki ci albasarki ke kaɗai a gaban mota."

Na bari sai da ganyen ya bushe yadda nake so, sannan na je gidanta. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida uwa, na ajiye fartanya a gabanta. Na ce, "Iya, gobe za a cire. Ba na taɓa ko ɗaya sai kin fara cire taki."

Ta daɗe tana kallon fartanyar. Ta ce, "Ba ki iya ban haƙuri ba."

"Ban iya ba."

"Aƙalla kin iya durƙuso."

Ta zo, kuma da ta zo duk suka zo. Tata albasar ta fi tawa girma, manya manya masu sheƙi. Ta ɗaga ɗaya sama tana zagaya rijiya da ita, mata suna guɗa. Tawa matsakaita ce, ja, mai tauri, ɓawonta yana ƙara in an taɓa. Na raba wa duk wadda ta taɓa jan guga, sauran na shanya a inuwa, na sa maigida ya kafa mini rudu irin na gida, gadon itace sama da ƙasa, da rufin ciyawa, iska tana ratsawa. Ba a daɗe ba ta Iya ta fara laushi tana wari. Ta rarraba ta, aka yi ta miya a unguwar. Ban ce komai ba, kuma wannan shirun ya yi mini daɗi ƙwarai. Ita ta kawo maganar da kanta.

Ta ce, "Mu ci muke yi, ba ajiya ba."

Amma na ga ɗanta, mai gidan namu, yana auna ruduna da kamun hannu. Karatu kuwa ya dawo bakin rijiya, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba.

Da zafi ya tsananta direba ya tsaya a hanyarsa ta komawa gida. Ya tarar da buhu ɗaure a ƙofar zana, fuskarsa ta washe.

"A'a, ƙanwata, yau dai an shirya. Ina sauran kayan?"

"Shi kaɗai za ka ɗauka."

"Mi ke ciki?"

"Albasa."

"Ina za ta?"

"Aliero."

Ya nemi turmi ya zauna don dariya. Ya ce, "Tun da nike tuƙi ban taɓa ganin albasa ta nufi arewa ba. In na shiga Aliero da albasar waje, 'yan tasha za su ce rana ta taɓa ni."

"Rufe ta da tamfol."

Na nuna masa bakin buhun. Da tsumman Baba na ɗaure shi, na wanke shi fes. Na ce, "Ka kai hannunsa. Ka ce ga abinsa na maido."

Baba ba mai magana a waya ba ne, ko an ba shi gaisuwa kawai yake amsawa. Daga bakin direba na ji yadda aka yi. Ya ce Baba ya kwance tsumman ya sa aljihu, ya zaro ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya yanka ta ya daɗe yana duban cikinta. Maƙwabta sun taru suna ba'a, wai an kawo wa Aliero albasa daga Faransa, don haka suke kiran ƙasar Benin. Baba ya ɗauki buhun da kansa, ya juye a gefe guda cikin rudunsa, ya ce a bari a ga damina.

Sai da damina ta sake kamawa sannan direba ya zo da amsa. Lokacin matan sun koma gona, amma na riga na san inda zan same su, ranar kasuwa da ranar Juma'a muke zama, a tsakar gidana, Iya a gaba da ƙafa a miƙe. A cikinmu ya same mu. Ya miƙo mini tsumman nan cike da sabon iri, an ƙara masa wani ƙyalle don ƙullin ya fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Baba ya ce taki ba ta ruɓe ba. Ya ware wasu zai dasa don iri. Wanga kuma ya ce ki raba da matan, kuma kar ki yi gaggawa bana."

Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

"Kin san shi. Gwaggo ma ta ba da saƙo. Ta ce in kin zo ganin gida ki nemi wurin kwana, ɗakin nan ta zuba gero a ciki."

Iya ta tambayi abin da ake cewa, duk da ta ji sarai. Ta miƙo hannu na ba ta ƙullin, ta auna nauyinsa a tafinta, ta juya ta yi wa matan doguwar magana da yarensu. A lokacin na riga na fara jin yaren. Cewa ta yi bana kowa ta nemi fartanya, kuma duk wadda ta zuba ruwa ranar da matar malam ta hana, ita da kanta za ta fasa mata ƙwarya.